Da Ɗan Wuya

Kwana goma sha biyu muka yi muna aikin da aka riga aka ce mana kada mu yi, kuma duk cikinmu babu wanda ya ji lokacin da aka faɗa. Mu uku ne a ɗakin da muke haya a saman wani shagon sayar da taya a Kaduna, kowa da kwamfutarsa a gabansa, kowa da takardar digirinsa na kimiyyar kwamfuta a ƙasan akwati. Sana'armu gina manhaja. A lokacin muna wata na biyu na kwantiragin wata uku da wani ƙaramin kamfani a birnin Fukuoka, kudu maso yammacin Japan, masu manhajar da ƙananan masaukai ke ajiye wa baƙi ɗaki da karɓar kuɗinsu da ita.

Yaren gina manhaja mai suna Ruby ne ya haɗa mu da su. Wani Bajapane, Yukihiro Matsumoto, shi ya ƙirƙiro shi ya fitar a 1995, kuma har yau kamfanoni da dama a can da shi suke aiki. Mu ma da shi muka fara cin abinci. Tsakaninmu da su awa takwas ne, don haka ƙarfe takwas na safe muke zama taro ta intanet, su kuma agogonsu na nuna huɗu na yamma. Ana magana da Turancin da ba na kowa ba ne a cikinmu, in abu ya cakuɗe su koma yarensu, mu kuma mu jefa abin da suka rubuta cikin manhajar fassara.

Wata Litinin muka kawo shawara cewa a rushe ɓangaren biyan kuɗi gaba ɗaya a sake gina shi, domin ya tsufa, duk inda ka taɓa sai wani wuri ya tsage. Shugaban tawagar ya yi shiru, ya ja iska ta tsakanin haƙoransa, sannan ya ce, “Sore wa chotto muzukashii desu ne.” Ya kuma rubuta mana ita a zauren aikin. Manhajar fassara ta ce ma'anarta ita ce, wannan da ɗan wuya. Muka kalli juna muka yi murmushi. Wuya ai ba ta kisa. Mun ɗauka ƙalubale ya jefo mana, yana so ya ga ko yaran nan za su iya. Muka duƙufa dare da rana, in an ɗauke wuta mu tayar da janareta, har muka gama rabin aikin muka nuna musu cike da alfahari.

Babu wanda ya yi mana faɗa. An ce an gode, aka wuce zuwa magana ta gaba. Sai da yamma matar da ke gwada manhajar kafin a sake ta ta turo mana saƙo a keɓe, da Turancinta mai taka-tsantsan, ta ce tana neman afuwa, amma tun ranar Litinin ɗin can shugaba ya ce a'a. Muka koma muka karanta jimlar sau goma, ba mu ga a'a ba. Kwanakin nan goma sha biyu ba a biya mu su ba, ainihin aikin da aka ba mu ya taru, saura mako uku a yanke shawarar ko za a sabunta kwantiragin. Ɗayanmu bikinsa ya matso, ɗaya kuɗin makarantar ƙannensa a wuyansa yake. A daren muka yanke cewa za mu koyi Japananci, ko da iya abin da zai hana a sake ce mana a'a mu yi tafi.

Mun soma da haruffa, hiragana 46 da katakana 46, muka bar kanji, waɗanda aka tsara 2,136 a matsayin na amfanin yau da kullum, zuwa wani jiƙon. Furucin bai ba mu wahalar da muka zata ba. Japananci na bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi, yana kuma ninka baƙi irin na “hannu” da “sassabe”. Abin da littattafai ke rubutawa chotto, da haruffanmu cotto ne, kuma harshen Bahaushe na faɗinsa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Muka samo littattafan koyo guda biyu da aka fi sani, Genki da Minna no Nihongo, muka zuba kalmomi a manhajar Anki, wadda sunanta ma kalmar Japananci ce mai nufin hadda. Tun a darussan farko, na uku a Genki, na takwas da na tara a Minna no Nihongo, muka ci karo da 'yan kalmomin da suka kayar da mu. Su ne waɗanda malaman nahawu ke kira bayanau, masu faɗin sau nawa abu ke faruwa da kuma iya ƙarfinsa.

Abin da maginin manhaja zai yi shi muka yi, wato muka zana tebur a farin allon da ke bango. A sama muka sa itsumo, muka ba ta ɗari bisa ɗari. Taitei ta samu tamanin, yoku saba'in, tokidoki arba'in, tamani ashirin. Daga nan sai na ƙasan tsani: amari sha biyar, mettani biyar, zenzen sifiri. Lambobin namu ne, mun tsinto su daga nan da can muka daidaita, amma ganinsu a jere ya kwantar mana da hankali. A aikinmu mun saba da haka. Akwai wata takarda ta 1997 da masu tsara ƙa'idojin intanet ke aiki da ita, RFC 2119, wadda ta zauna ta fayyace bambancin “dole” da “ya kamata” da “ana iya”, don kada injiniyoyi biyu su karanta jimla ɗaya su gina abu biyu. Mun zaci abin da ya rage mana shi ne mu rubuta wa Japananci irin wannan takarda.

Ƙaramar cikinmu ce ta tashi wata rana ta ɗauki alƙalamin allo ta fara rubuta Hausa a gefen kowace kalma, abin da ba mu yi tunaninsa ba, don da Turanci muke koyon. Itsumo, kullum. Taitei, galibi. Yoku, sau da yawa. Da ta zo kan tokidoki sai ta tsaya ta yi dariya. Toki na nufin lokaci, an maimaita ta ne kawai, baƙin farko na ta biyun ya yi laushi ya koma d. Lokaci-lokaci ke nan, babu ƙari babu ragi. A rubutunsu ma ba sa sake zana harafin, wata 'yar alama suke sawa mai cewa a maimaita na baya, 時々. Tamani ta zama jefi-jefi. Muka zauna muna kallon allon kamar wanda ya haɗu da ɗan unguwarsu a tashar wata ƙasa.

Abin da ya fi ba mu mamaki yana ƙasan tsanin. Littafin ya ja kunne cewa amari da mettani da zenzen ba sa tafiya su kaɗai, dole aikatau ya zo da korewa. Koohii o yoku nomimasu, ina yawan shan kofi. Amma koohii o amari nomimasen, ban cika shan kofi ba. Zenzen nomimasen, sam ba na sha. Bayanin Turancin ya ɗauki dogon zance yana fama da wannan, mu kuwa ashe muna da shi a baki tun muna goye. Wa ya taɓa jin an ce “kasafai nake zuwa”? Kasafai ba ta fita sai da “ba” a gaba da baya. Haka “sam”, haka “ko kusa”, haka “ko kaɗan” in ana nufin babu. Da ka ji mutum ya buɗe baki da “sam”, ka san ƙarshen maganar tun bai kai ba.

A Japananci wannan ya fi nauyi, domin aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, korewa kuma a wutsiyar aikatau take. Mutum zai iya jero maka wa, da me, da ina, da yaushe, kana gyaɗa kai, sai a gaɓar ƙarshe ka ji masu ce ko masen, wato ya yi ko bai yi ba. Ga ɗan koyo da kunnensa bai gama buɗewa ba, wannan gaɓar ita ce ke ɓacewa, musamman in intanet na tsinkewa. Sai muka gane cewa amari da 'yan uwanta alheri ne. Suna zuwa da wuri su sanar da kai abin da ke tafe. A lambobin da muke rubutawa, duk bakan da ka buɗe dole ka rufe shi, in ba haka ba kwamfuta ta ƙi karanta aikin. Amari buɗe baka ce, masen ce rufewarta. Masanin nahawun Japananci Yamada Yoshio ya kasa bayanau gida uku: masu faɗin yadda aka yi abu, masu faɗin iya ƙarfinsa, da masu jan irin ƙarshen da jimla za ta yi. Waɗannan na ukun su ne suka fara ceto mu a taro. Ko ba mu kama komai ba, in muka tsinci zenzen a farkon magana, mun san kada mu yi murmushi.

Amari ta ƙara shiga ranmu da muka gano asalinta. Kalmar na nufin abin da ya yi saura, rara. Ita ce kalmar da ɗan firamare a Japan ke amfani da ita a lissafin rabawa: bakwai a raba biyu, uku, amari ɗaya. Mu da kusan kullum sai mun nemi ragowar rabawa a aikinmu, sai muka ji kamar an ba mu kalmar kyauta. Wanda ya ce amari nomimasen, cewa yake ba ya sha har ya yi yawa. Daga nan ba mu ƙara manta ta ba.

Teburinmu ya yi kamar makonni uku yana mulki, sannan ya fara tsagewa. Yoku ce ta fara. Mun ba ta saba'in, muka wuce. Sai muka riƙa jin yoku wakarimasen a bakin abokan aiki, muna fassara ta da “sau da yawa ba na ganewa”, muna mamakin wannan irin tawali'u. Ashe yoku daga kalmar yoi ta fito, mai nufin kyau, don haka tana ɗauke da ma'ana biyu, yawan yi da kuma yi da kyau. Yoku wakarimasen na nufin ban gane sosai ba. Kuma in wanda ya fi ka sanin aikin ya faɗe ta a kan bayaninka, akwai yiwuwar ya gane sarai, bayanin ne bai gamsar da shi ba.

Sai zenzen. Wata Alhamis ɗayanmu ya tura gyara a gurguje, shafin gwaji ya faɗi na kusan awa guda. Muka rubuta doguwar ban-haƙuri, rabi da Japanancin da muka haddace. Wani matashi a tawagar ya amsa da “Zenzen daijoobu desu!” Gabanmu ya faɗi. Zenzen ce fa, sifiri a allonmu. Muka bi jimlar har ƙarshe muna neman korewa, babu. An buɗe baka ba a rufe ba, kuma jimlar ta yi aiki. Nufinsa babu komai ko kaɗan, kada mu damu. Da muka bincika sai muka tarar cewa haka ake magana a yau, ko da yake akwai masu gyara wa yara ita suna cewa kuskure ne. Abin dariyar shi ne manyan marubutan farkon ƙarni na 20, irin su Natsume Soseki da Akutagawa Ryunosuke, sun yi amfani da zenzen ba tare da korewa ba. Dokar da muka haddace a matsayin ta kaka da kakanni ta fi waɗannan marubutan ƙuruciya. Muka goge sifirin, muka rasa abin da za mu rubuta a gurbinsa.

Ɓangaren ƙarfin abu ma haka ya yi mana. Totemo ita ce sosai, ko ƙwarai, babu rigima. Sugoku ita ce ta hira, hijoo ni ta takardun ofis, meccha kuma ta matasa, wadda ta taso daga yankin Kansai, wajen su Osaka, ta bazu. Sukoshi kaɗan ce, maamaa kuma ba yabo ba fallasa. Amma kanari da kekkoo sun ƙi zama a tsani. Dukansu na nufin abu ya kai wani mataki mai ɗan tsawo, sai dai kekkoo na tafe da wani abu a ɓoye, cewa mai maganar bai zaci abin zai kai haka ba. Mun daɗe muna juya ta kafin babban cikinmu ya ce, “Ai ‘ashe’ ce.” Kekkoo oishii, ashe da daɗi. Ka je gidan surukai a kawo maka tuwo ka ce ashe da daɗi, ka ga yadda za a kalle ka. Tun daga ranar muka daina yaba aikin kowa da kekkoo.

Darasin da ya fi tsada a kan tamani ya zo. Matar nan mai gwaji ta shigar da rahoto cewa manhajar na cire wa baƙo kuɗi sau biyu, ta rubuta tamani okimasu, yana faruwa jefi-jefi. Akwai wani rahoton kuma na hoton ɗaki da ke ƙin buɗewa, an sa masa yoku. Muka duba allo, saba'in ta fi ashirin, muka fara da hoton. Washegari ta tambaye mu cikin ladabi ko mun ga rahotonta. Jibi ta sake tambaya. A karo na uku shugaban tawagar da kansa ya saka baki, a nan ne muka farga. Kalmomin nan ba sa ƙirga komai. Suna auna abu ne da abin da mai magana ke tsammani. Mutumin da ke zuwa Abuja sau biyu a wata zai ce yana yawan zuwa, wanda ke cin nama sau biyu a wata zai ce ba kasafai yake ci ba, kuma lissafin ɗaya ne. Hoton da ya ƙi buɗewa sau bakwai cikin goma abin haushi ne. Kuɗin baƙo da aka cira sau biyu, ko sau ɗaya ne a shekara, abin da zai sa mai masauki ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri ne, kuma ya nemi wata manhajar. Tamani ɗinta ta faɗi gaskiya game da yawan faruwar abin. Mu ne muka karanta ta a matsayin girman matsalar.

Matambayi ba ya ɓata. Muka koyi jimloli biyu da suka fi duk teburin amfani. Dono kurai desu ka, kamar nawa ne? Nankai ni ikkai desu ka, sau ɗaya cikin nawa? Muka kuma koyi yadda ake ƙirgawa in ana son ƙirge: shuu ni nikai, sau biyu a mako, tsuki ni ikkai, sau ɗaya a wata. In abu na faruwa duk lokacin da aka gwada, babu fashi, kalmar ita ce kanarazu. Ashe yaren na da ma'auni daidai wa daida ga mai buƙata. Da muka tambaye ta, nan take ta ba mu adadi, ta ƙara da cewa ta lura abin na faruwa in an danna maɓallin biya sau biyu a jere lokacin da intanet ke jan ƙafa. Wannan kuwa ciwon da muka fi kowa sani ne, a cikinsa muke kwana muke tashi. Kafin la'asar mun gyara.

Saura chotto, wadda ta jawo duk wannan. A ƙamus ƙanwar sukoshi ce, kaɗan. A bakin mutane kuwa aikinta ya wuce haka nesa. Chotto matte kudasai, ɗan jira. Ana kiran hankalin mutum da ita, ana rage kaifin roƙo da ita. In aka gayyace ka wani wuri ranar Asabar ba za ka iya ba, sai ka ce doyoobi wa chotto, ka ja ƙarshen, ka yi shiru. Ba ka ƙarasa jimlar, wanda ya gayyace ka shi zai ƙarasa ta a zuciyarsa, ya ce ya gane, kowa ya tashi da mutuncinsa. Muzukashii kuma, mai wuya, a bakin ma'aikaci sau da yawa ƙofa ce da aka rufe a hankali don kada ta yi ƙara.

Ɗayanmu ya kai wannan labari gida yana ba mahaifiyarsa, a matsayin abin al'ajabin mutanen wata duniya. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Yanzu ku duk karatunku, mutum ya ce muku da ɗan wuya, ku tafi ku yi?” Ya ce, “Umma, ai bai ce a'a ba.” Ta ce, “To da kawunka ya je nema wa yayanka auren farko aka ce masa a ɗan ba su lokaci su yi shawara, ka ga ya koma?” Ta tambaye shi me mai kanti ke cewa in an taya kayansa da arha. Ya ce albarka. Ta ce, “To albarka zagi ce? Amma ka taɓa jin an ce albarka ka miƙa kuɗi?”

Da ya dawo ofis ya maimaita mana, sai muka yi ta zaƙulo su. Za mu duba. Sai dai wani jiƙon. Bari mu gani. A kawo maka abinci ka ce alhamdu lillahi, an san ka ƙoshi ke nan. Japanawa ma da kekkoo desu, wato ya yi kyau haka, suke cewa a'a na gode, tamkar albarkar ɗan kasuwa. Ita kanta chotto muna da ita, harafi uku: ɗan. Ɗan matsa, ɗan ara mini, ina ɗan jin yunwa. Babu Bahaushen da zai ji baƙonsa ya ce yana ɗan jin yunwa ya kawo masa loma biyu. Da a ce shugaban tawagar nan dattijo ne a Zariya ya ja numfashi ya ce mana “wannan kam da ɗan wuya”, da tun a zauren za mu ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, mu tashi. Jimlar ta biyo ta cikin na'ura, ta iso mana da Turanci a kan allo, sai muka karanta ta da kunnen da muke karanta saƙon kwamfuta, inda kaɗan ke nufin kaɗan.

Maganar ba ta tsaya a ofis ba. Babban cikinmu ya yi shiru ranar, can ya ce wata biyu ke nan duk lokacin da ya kira mahaifinsa a Funtuwa, sai ya ce ƙafar tana ɗan damunsa, amma da sauƙi. Shi kuma sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tura kuɗin magani, ya koma kan aiki. Duk mun san “da sauƙi”. Mun ji ta a bakin mutanen da ba su kwana ba. Mun kuma san irin dattijon da bai taɓa cewa wani abu na damunsa ba, in har ya kai ga furta “ɗan”, to abin ya kai inda ya kai. Ranar Juma'a ya hau mota. Ya tarar ƙafar ta kumbura har takalmi ba ya shiga, tsohon ya daina zuwa kasuwa, ya hana a faɗa wa yara don kada a tayar musu da hankali suna aiki. Ciwon suga ne ya ci ƙarfinsa. An kwantar da shi kwana tara, likita ya ce an zo a kan gaɓa. Ƙafar tana nan, yana takawa da sanda. Abokin namu ya ce a asibiti ya riƙa tuna tambayar da muka koya don rahoton manhaja, sau ɗaya cikin nawa, yana mamakin yadda bai taɓa yi wa mahaifinsa irinta ba: Baba, tun yaushe, kuma sau nawa take hana ka barci?

An sabunta mana kwantiragin, na wata uku kawai, ba shekarar da muka sa rai ba. Ba mu san ko kwanaki goma sha biyun nan ne suka jawo ba, ba a faɗa mana ba, mu ma yanzu mun san ba za a faɗa ba. Muna shirin jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, wadda aka fara a 1984, take da matakai biyar tun 2010. Na ƙasa, N5, shi muke hari, inda ake neman maki 80 cikin 180. A gwajin da muke yi wa kanmu, ɓangaren sauraro ne ke kayar da mu, kuma kusan kullum a kan 'yan kalmomin nan ne: an ce yoku ko amari, an ƙare da masu ko masen.

Makon jiya shugaban tawagar ya tambaya ko za mu iya kammala wani sabon shafi kafin Juma'a. Da a da ne, da mun ce za mu iya, mu kwana uku ba barci, ko kuma mu jero dalilai bakwai da Turanci har kowa ya ji kunya. Ƙaramar cikinmu ta kalle mu, ta matso da makirufo, ta ce, “Kin'yoobi wa chotto…” Ta bar ta a nan. Mu biyun muka riƙe numfashi, don shirun ya yi mana tsawo, kuma komai a jikinmu na cewa a rufe bakan. Sai muka ji ya ce wakarimashita, ya gane, ya tambaya ko Talata ta yi. Matar nan mai gwaji ta turo mana alamar tafi a keɓe.

Kafin a tashi ya ce Japanancinmu ya yi kyau, joozu desu ne. Littafi ya riga ya gargaɗe mu cewa wannan yabo ana yi wa duk baƙon da ya iya gaisuwa, kuma amsarsa ita ce mada mada desu, da saura tukuna. Muka faɗe ta tare, mu uku, ba da wata kunya ta ƙarya ba, don gaskiyar ke nan. Teburin yana nan a bango. Mun goge lambobin, mun bar Hausar, kuma a gefen chotto an rubuta “ɗan” da jan alƙalami, a ƙarƙashinta wani ya ƙara: a kira gida a tambaya.